Daga Magama zuwa ɗakin jarrabawa: yadda ɗaliban bakin iyaka ke kai ƙarshen zango

A Magama hanya ke rabuwa. Wanda ya taso daga Katsina ya wuce Daddara, in ya miƙe yamma zai shiga garin Jibiya, daga nan ya kama hanyar Gurbin Ɓaure da Zurmi da Ƙauran Namoda. In ya karkata arewa kuwa, sai shingen kwastan da na jami'an shige da fice, sai Ɗan Isa, sai Maraɗi. Labaran da suka fi fita daga wannan mararraba na shinkafa ne da fetur da dabbobi da 'yan bindiga. Amma akwai wasu matafiya da ba a cika sa su cikin lissafi ba: samari da 'yan mata masu jakar goyo, da ɗaurin takardu a hannu, da ƙullin garin kwaki ko ƙuli-ƙuli a gefen jaka. Wasu Katsina suka nufa ko Dutsin-Ma, wasu Maraɗi. Sau biyu a shekara, idan zangon karatu ya zo ƙarshe, sai ka ga fuskokinsu sun canja, hira ta ragu a cikin mota, kowa ya duƙufa kan takarda ko kan waya. Jarrabawa ta gabato.

Ɗalibi a ko'ina yana tsoron wannan lokaci. Na Legas na tsoronsa, na Landan ma haka. Bambancin shi ne ɗan Jibiya, da ɗan Kano ko Zariya da karatu ya kai shi Maraɗi ta wannan ƙofa, jarrabawarsa tana farawa ne tun kafin a raba takardar tambayoyi. Sai ya fara cin jarrabawar hanya, da ta wuta, da ta canjin kuɗi, da ta siyasar ƙasashe biyu da ba a yi shawara da shi ba. Jadawalin da makarantu ke liƙawa a allo bai san da waɗannan ba. An rubuta shi ne kamar kowa a ɗakin kwanan makaranta yake kwana, da fitila a kansa da abinci a cikinsa.

Abin da ya kai su Maraɗi

Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, kuma zumuncin ya girmi layin da Turawan Ingila da na Faransa suka ja. Bayan jihadi ya ci Katsina a farkon ƙarni na 19, zuriyar tsofaffin sarakunanta ne suka yi arewa suka kafa mulki a Maraɗi, shi ya sa har yau sarautar can ke ɗauke da sunan Katsina. Gida ɗaya za ka samu rabinsa a Jibiya rabinsa a Madarumfa. Neman ilimi ma ya daɗe yana bin wannan hanya, tun zamanin da ake zuwa Katsina ɗaukar karatu a gaban malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani.

Abin da ya zama sabo shi ne jami'a. Gwamnatin Nijar tana da jami'arta a Maraɗi, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, inda ake koyarwa da Faransanci. A 2013 kuma aka buɗe Jami'ar Maryam Abacha, mai zaman kanta, wadda Adamu Abubakar Gwarzo ya kafa, inda ake karatu da Turanci, kuma ita ce ta jawo ɗalibai da yawa daga arewacin Najeriya. Dalilin iyaye a fili yake. Gurbin karatu a jami'o'in gwamnati ya yi kaɗan, musamman a fannonin lafiya da shari'a, yaro ya yi ta zana JAMB shekara da shekaru. Wanda ya samu gurbin kuma bai san ranar fita ba: ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi yajin aiki na wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. Uban da ya ga ɗansa ya shekara a gida yana zaman kashe wando, idan yana da hali, zai ce gara inda ake shiga a san ranar gamawa.

Sai dai wanda ya guje wa yajin aiki ya faɗa hannun iyaka. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. Cutar korona ta zo a Maris na 2020 ta ƙara ƙulle ƙofar. Da aka fara buɗewa a Disamban 2020, iyakoki huɗu aka ambata, Illela da Maigatari na cikinsu, Jibiya ba ta ciki. Sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta. Ba a yi nisa ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga wata, aka sake garƙame Magama. Shugaba Tinubu bai ba da umarnin buɗewa ba sai 13 ga Maris na 2024, Nijar kuma ta buɗe nata ɓangaren ranar 22 ga watan. Kusan wata takwas ke nan, wato zango guda cur da ɗoriya.

A duk wannan lokaci makarantu ba su daina aiki ba, jarrabawa ma ba ta jira kowa ba. Ɗalibin da hutu ya same shi a gida zaɓi biyu ya rage masa: ko ya zauna ya rasa zango, ko ya hau babur ya bi ɓarauniyar hanya ta cikin gonaki, kamar yadda 'yan kasuwa da masu zuwa biki da jana'iza suka riƙa yi. Wannan daji kuwa shi ne wanda kowa a yankin ya san abin da ke cikinsa. Iyayen da suka bar 'yarsu ta hau babur ɗin ba sakaci suka yi ba. Sun auna kuɗin shekaru uku da suka riga suka zuba, suka auna haɗarin, suka yi addu'a, suka riƙe waya a hannu har ta kira ta ce ta isa.

Sannan ga kuɗi. A 2019 jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, ba ta wuce naira ɗari shida da wani abu ba. Bayan da aka saki naira a kasuwa a Yunin 2023, cikin 2024 ta kai wajen naira dubu biyu da ɗari biyar. Haya da abinci da kuɗin kabu-kabu a Maraɗi duk da sefa ake biya, albashin uba kuma da naira yake shigowa. Wannan ya fi cizo ne a makon jarrabawa, domin makarantu masu zaman kansu, a nan da can, ba sa ba da katin shiga ɗakin jarrabawa sai an kammala biya. Yaro yana bitar darasi, rabin hankalinsa na kan ko kuɗin zai shigo kafin Litinin. Asusun ba da rancen karatu na NELFUND da ya fara karɓar buƙatu a Mayun 2024 ya rage wa wasu nauyi, har da naira dubu ashirin ta kashewa duk wata, amma na ɗaliban makarantun gwamnatin Najeriya ne. Wanda ke tsallaken iyaka ba ya ciki.

Ta ɓangaren Katsina

Mafi yawan 'ya'yan Jibiya ba Maraɗi suke zuwa ba, ba su da ƙarfinta. Katsina suke zuwa: Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, Kwalejin Ilimi ta Tarayya, Jami'ar Al-Qalam ga mai hali, ko kuma su wuce Dutsin-Ma, inda Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suke. Daga Jibiya zuwa Katsina bai wuce kilomita 50 ba. A kan taswira, mutum zai iya yin sallar asuba a gida ya zana jarrabawar ƙarfe tara. A ƙasa kuwa lissafin daban ne. Shingayen jami'an tsaro iri-iri sun yi yawa a hanyar, abin da mutanen Jibiya suka daɗe suna kuka a kai, kuma kowane shinge yana cin nasa lokacin. Direba ba zai tashi ba sai mota ta cika. Ba kuma kowa ke son fita da duku-duku ba a hanyar da aka sha tare mutane.

Kuɗin mota ma yana da nasa tarihin. A Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, don a toshe fasa-ƙwauri. Mutanen garin da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka koma sayen mai a galan wajen 'yan bumburutu. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 sai abin ya ƙara tashi. Ɗalibin da a da yake jeka-ka-dawo ya fara zaɓar ranakun da zai halarci lakca. Nan kuma wata doka ke jiransa: a makarantu da yawa sai ka halarci kashi 75 cikin ɗari na darussa kafin a bari ka zauna jarrabawa.

Satumban 2021 ya koya wa ɗaliban yankin darasin da ba za su manta ba. Gwamnatin jihar Katsina ta Aminu Bello Masari, a ƙoƙarin karya lagon 'yan bindiga, ta sa an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Jibiya da Batsari da Safana da Dutsin-Ma na ciki, kuma an ɗauki watanni kafin a maido. Wanda bai yi karatu a wannan zamani ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. To amma yau jadawalin jarrabawa a zauren WhatsApp na aji yake fara fitowa. A nan shugaban aji ke sanar da cewa an matso da takardar Laraba zuwa Talata, ko an canja ɗaki. Rijistar kwasa-kwasai a intanet ake yi, katin jarrabawa daga shafin makaranta ake bugowa, kuɗin kashewa ta waya ake turowa. Ɗalibin da ke gida a Jibiya a wancan lokaci ya zama kamar ba ya cikin ajin, sai dai ya shiga mota ya je Katsina don kawai ya ji me ake ciki.

Saboda haka dabarar da kusan kowa ya koma kanta ita ce tarewa. Mako biyu ko uku kafin jarrabawa, ɗalibi ya tattara kayansa ya koma kusa da makaranta, ya raɓe a ɗakin aboki, mutum shida ko bakwai a ɗakin mutum huɗu, ko ya sauka gidan kawu ko goggo a cikin gari. Namiji zai iya kwana a masallaci ko a aji. Mace ba ta da wannan sauƙin. Sai an samo gidan da iyaye suka amince da shi, kuma a gidan mutane ba a zama baƙuwa a naɗe hannu, akwai wanke-wanke da girki da raino. Matar aure mai goyo, waɗanda suke da yawa a kwalejojin ilimi da na kiwon lafiya, takan zo da ƙanwa ta riƙe mata jariri a gindin bishiya har ta fito. Kwanan waje ma ba shi da tabbas. A Satumban 2023 an sace ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya, a Oktoban shekarar kuma aka ɗauki ɗalibai mata biyar na Jami'ar Dutsin-Ma daga masaukinsu a wajen makaranta. Tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disamban 2020, babu uwa a wannan yanki da take barci sosai idan ɗanta yana makaranta.

Awa uku da ke yanke hukuncin wata huɗu

A yawancin manyan makarantun Najeriya, maki 30 ko 40 ne na gwaje-gwaje da aikin gida na cikin zango, sauran 70 ko 60 na jarrabawar ƙarshe. Wanda bai kai 40 ba a jimla, a mafi yawan wurare, ya faɗi. Faɗuwar kuma tana da suna da kowane ɗalibi ke gudu: kariyoba. Ba za ka sake zana wannan kwas ba sai shekara ta zagayo, tare da ƙannenka na aji, sifilin da ka samu kuma ya shiga lissafin matsakaicin makinka ya ja shi ƙasa. Idan a shekarar ƙarshe ne, abokanka su tafi bautar ƙasa kai ka dawo ka sake biyan kuɗin makaranta saboda takarda ɗaya. Wanda bai zo ɗakin jarrabawa ba, sai dai in ya kawo hujjar asibiti da hukumar makaranta ta karɓa, hukuncinsa ɗaya da wanda ya zo bai rubuta komai ba.

A tsallaken iyaka, makarantun da ke bin tsarin Faransa suna aiki da abin da ake kira LMD: digirin farko shekara uku, zango shida, kowane zango ma'aunin karatu 30. Maki a kan 20 ake ba da shi, 10 ita ce tsira. Darussan da ke rukuni ɗaya suna iya ɗaukar juna, ƙarfinka a wannan ya rufe rauninka a wancan. Abin da ya fi muhimmanci shi ne akwai zama na biyu, wanda ɗaliban can ke kira ratirafaj: wanda bai kai ba, ko wanda wani uzuri ya hana shi zuwa, yana da damar sake zana takardar a cikin shekarar, ba sai ya jira wata ba. Ba wai jami'o'in Nijar ba su da nasu ciwon ba ne. Yajin aikin malamai da na ɗalibai da jinkirin biyan alawus sun sha sa shekarun karatu su hau kan juna a can ma. Amma a wannan gaɓa guda, tsarinsu ya fi namu adalci, kuma ya fi dacewa da yankin da hanya ke iya rufewa dare ɗaya.

Zama na biyu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makarantun koyon likitanci da na aikin jinya a Najeriya suna ba da damar sake zama. Abin da ya rage shi ne sauran sassa su yarda cewa harin da aka kai wani ƙauye, ko rufe hanya da gwamnati ta yi da kanta, uzuri ne da ya kai zazzaɓin cizon sauro nauyi. Masu adawa da wannan suna cewa za a buɗe ƙofar ƙarya, kowa ya ce an tare hanya. Damuwar tana da tushe. Amma hari ba a ɓoye yake faruwa ba. Hakimi ya sani, shugaban ƙaramar hukuma ya sani, ofishin 'yan sanda ya sani. Makarantar da ke iya tantance takardar likita tana iya tantance wannan. Kuma zama na biyu ba rangwame ba ne: tambayoyi sababbi, tsaro iri ɗaya, ma'auni iri ɗaya. Ranar kawai aka ɗaga.

Karatun dare

Duk da haka, akwai kason da ke wuyan ɗalibi, kuma faɗin gaskiya a nan shi ne ƙauna. Al'adar da ta kafu a makarantunmu ita ce a yi ta tara handawut tun farkon zango ba a buɗe ba, sai jadawali ya fito a shiga abin da ake kira TDB, wato karatu har gari ya waye. Aji ya cika da dare, kowa da fitilar waya, ga goro, ga Nescafé a shayi, ga lemun ƙara kuzari, wasu har da ƙwayoyin hana barci, waɗanda daga nan ne wasu suka fara abin da ya fi ƙarfinsu daga baya. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Masana halayyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da auna wannan. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka cusa wa kai a zama ɗaya yana zubewa da sauri, mafi yawansa a kwanakin farko, kuma maimaitawa a rarrabe ita ke tsayar da shi. A 2006 wasu masu bincike biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, suka gwada ɗalibai: wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka karanta suka rufe suka yi ƙoƙarin tuno abin da ke ciki. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda masu rufe littafi suka wuce su. Wato ido yana ruɗin mutum. Ka ga shafi ka gane shi, sai ka ɗauka ka iya, alhali ganewa daban, fitarwa daga ka daban, kuma a ɗakin jarrabawa na biyun ake tambaya.

Ɗan Jibiya bai buƙaci Bajamushe ya gaya masa wannan ba, domin ya gan shi a makarantar allo. Almajiri yana rubuta ɗan abin da zai iya ɗauka, ya karanta, ya kife allon ya kawo da ka a gaban malam, sai an tabbatar ya zauna sannan a wanke. Na baya kuma ba a barinsa, kullum ana tilawa, da asuba da bayan isha. Ƙanƙanin rabo, gwada kai, komawa baya a kai a kai, ga kuma wani a gefe yana saurare yana gyara. Yaran da suka haddace izu sittin ta wannan hanya su ne suke zuwa jami'a su ajiye ta a bakin ƙofa, su koma shafa wa takarda alƙalami mai launi. Da za su ɗauki handawut ɗin kimiyyar sinadarai ko na dokar kwangila su yi masa yadda suka yi wa allo, shafi biyu a rana tun makon farko, su rufe su rubuta abin da suka tuna, su haɗu uku-uku suna yi wa juna tambaya daga tambayoyin shekarun baya, da makon jarrabawa ya zama bita kawai. Ga wanda hanya za ta iya cinye masa kwana biyu ba shiri, wannan ba ado ba ne. Shi ne kawai karatun da rufe iyaka ba ya iya ƙwacewa.

Barci ma yana cikin karatu. A cikinsa ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana, kuma wanda ya kwana biyu ido biyu yakan karanta tambaya ya amsa wadda ba a yi ba. Yanayi yana ƙara tsananta abin. Jarrabawar da ta faɗo a Afrilu ko Mayu tana zuwa ne da zafin da ke haura digiri 40, a ɗakin da fanka ba ta juyawa. A 2024 da 2025 azumi ya kama ne a Maris, ɗalibai da yawa suka yi bita da gwaje-gwaje da ƙishirwa a maƙoshi. Masu dabara sukan mayar da karatu mai nauyi bayan sahur zuwa hantsi, su kwanta da azahar, su bar dare ga bita mai sauƙi.

Wuta kuwa ta haɗa ɓangarorin biyu a wahala ɗaya. Maraɗi da Damagaram daga layin da ya taso daga Katsina suke samun kaso mai yawa na lantarkinsu, saboda haka da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023, ɗaliban Najeriya da ke can suna cikin waɗanda suka yi karatu a duhu. A ƙarshen Oktoban 2024 kuma lalacewar manyan layuka ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu na kwanaki. Tun da littafin ɗalibi ya koma cikin waya, mutuwar batir ta zama rufe laburare. Shi ya sa mai shagon caji ya zama mutum mai daraja a makon jarrabawa, kuma ɗalibin da ya san kansa yana buga muhimman shafuka a takarda tun da sauran lokaci.

Darajar takardar

Inda matsi ya yi yawa, gajeriyar hanya takan yi kira. Satar amsa tana da salo iri-iri, daga 'yar takarda a cikin safa ko hijabi zuwa waya a ƙarƙashin cinya, zuwa abin da ya fi muni, sayen maki daga malamin da ya zubar da mutuncinsa ko matsa wa ɗaliba don ta ci. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri, makarantu kuma suna kora. Wanda aka kora a shekara ta uku ya koma Jibiya da me zai gaya wa uban da ya sayar da amfanin gona?

Ga ɗaliban Maraɗi abin ya wuce kansu. A ƙarshen Disamban 2023 ɗan jarida Umar Audu ya wallafa a Daily Nigerian yadda ya samo digiri daga Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, ministan lokacin, Tahir Mamman, ya kuma ce binciken zai kai ga wasu ƙasashe har da Nijar. Tun daga nan duk mai takardar maƙwabta ana yi masa kallon tuhuma, har da wanda ya yi shekara huɗu yana bin layi a Magama ya zauna kowace jarrabawa da guminsa. Wannan ba adalci ba ne, amma maganinsa ba ƙorafi ba ne. Makarantun da kansu ne za su tsaurara, ta yadda duk wanda ya fito zai iya kare abin da ke rubuce a takardarsa.

Domin za a sake tambayarsa. Mai digirin waje sai ma'aikatar ilimi a Abuja ta tantance takardunsa, sai hukumar bautar ƙasa ta NYSC ta gan shi ido da ido da fasfo mai nuna shigarsa da fitarsa. Wanda ya karanta likitanci sai ya zauna jarrabawar majalisar likitoci, mai aikin jinya yana da tasa majalisar, mai shari'a kuma sai ya yi zangon share fage a Makarantar Horar da Lauyoyi kafin ya haɗu da 'yan gida. A nan ne ɓarauniyar hanyar da ta ceci ɗalibi a lokacin rufe iyaka take iya dawo masa, domin daji ba ya buga hatimi a fasfo. Ficewar Nijar daga ECOWAS, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ta ƙara sa batun takardun tafiya ya zama abin da ɗalibi zai duba tun kafin jadawali ya fito, kamar yadda yake duba katin jarrabawarsa.

Akwai abubuwan da ba sa buƙatar kasafin kuɗi. Makarantun Katsina da Dutsin-Ma za su iya fitar da jadawali wata guda kafin lokaci su daina canja shi da daddare a WhatsApp. Za su iya buɗe wasu ɗakuna a makon jarrabawa ga ɗalibai mata na ƙananan hukumomin da ke fama da hare-hare, ko da tabarma ce a ƙasa, a cikin katanga. Gwamnatin jiha da hukumomin Maraɗi, waɗanda suka sha zama tare a kan kasuwanci da tsaro, za su iya amincewa cewa katin ɗalibi da fasfo sun isa a bar mutum ya wuce ta ƙofa ko da an hana kaya wucewa. An ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, kilomita 284, kuma ta Katsina da Jibiya aka tsara zai bi. Ranar da jirgin ya fara aiki zai rage shingaye da fargabar hanya, amma shi ma a iyaka zai tsaya a duba takardu, kuma idan gwamnatocin biyu suka sake ɓatawa, yarjejeniya a kan ɗalibai ce kawai za ta hana a sauke su a Jibiya ana saura kwana biyu jarrabawa.